HATTARA DA HAWAN TSANI

Manoman auduga, lokacin cirar auduga shi ne lokacin da tsani ya ke shan aiki. Da shi a ke hawan rumbu, da shi a ke hawan soro, ran kasuwa kuma da shi a ke hawan babbar mota a zuba auduga a tattake. A lokacin nan ne kuwa mutane su kan faɗo. Wanda ya karye a cinya ya kan yi watanni a kwance. Auduga kuwa ba ta jira. In ta daɗe a gona ƙura ta ɓata ta, sai ta faɗi daga lamba ɗaya zuwa lamba biyu, kuɗi su ragu.

Saboda haka ku kiyaye waɗannan:

1. Duba tsani kafin ka hau. Gara ta kan cinye itace ta ciki, a waje kuwa ka gan shi lafiya lau. Matakin da ya tsage, a sake shi.

2. Kafa shi bisa ƙasa mai tauri. Kada ka ɗora shi bisa buhu ko tarin auduga don ƙarin tsawo.

3. In wurin da kan tsani ya jingina ya kai kamu 4 daga ƙasa, gindinsa ya nisanci bango da kamu 1.

4. Kan tsani ya zarce wurin da za ka taka da kamar kamu 2, don ka sami abin riƙo.

5. Wani ya riƙe maka gindinsa. In mota ce, direba ya kashe ta tukuna.

6. Fuskanci tsani hawa da sauka, hannuwanka biyu suna riƙe. Kaya kuwa a jawo da igiya.

IN MUTUM YA FAƊO

In yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, kada ku zaunar da shi, kada ku ciccibe shi. Ku kira ma'aikatan asibiti. In tilas ne a ɗauke shi, a sa shi bisa ƙyaure, wani ya riƙe kansa kada ya motsa. In ya suma, ko yana amai, ko jini na fita ta kunne, ko ƙashi ya huda fata, wannan ba aikin mai ɗori ba ne. A kai shi asibiti nan da nan.

Ku tuna, sauri ya kan haifi nawa.