Jariri a Hannu, Kaka a Gadon Jinya

Akwai gidajen da murna da kuka suke kwana a ɗaki guda. An haifi jariri, ga shi kuwa uwar maijego tana fama da ciwon daji wanda ya yi nisa. Ita ce ya kamata ta dafa ruwan wanka, ta dama kunun kanwa. Yanzu ita ake ɗagawa a ba ta ruwa.

Sau da yawa mukan hana kai jariri kusa da ita don tsoro. Wannan kuskure ne, gama ciwon daji ba ya yaɗuwa ta taɓawa ko ta numfashi. Mu duba Farawa sura 48: Yakubu yana ciwon ajali, Yusufu ya kawo masa Manassa da Ifraimu, tsohon ya yi ƙarfin hali ya zauna, ya sa musu albarka. Mu wanke hannu, mu ɗora mata jikanta a cinya.

Kada mu jinkirta Baftisma muna jiran kuɗin biki. Dokar Ikilisiya ta ce a yi ta cikin makonnin farko, kuma kaka za ta so ta ji sunan da aka ba yaron. Haka nan mu kira Fada da wuri domin Shafewar Marasa Lafiya (Yakubu 5:14-15), tun tana iya amsa addu'a da bakinta.

Maijego kuwa ba za ta iya shayarwa da dare ta yi jinya da rana ba. Zumuntar Mata su raba kwanaki a tsakaninsu, wata a kan girki, wata a asibiti, har bayan arba'in.