Darasi: Mai keke da ƙafarsa cikin damana

A nan ƙasar Tagriss ruwan sama ya fi yawa daga watan 7 zuwa watan 9. Lokacin ne hanyar kasuwa da ta gona suke cika da taɓo. Mai keke ya fi kowa sani: tayar gaba tana watso masa ruwa da laka daidai bisa ƙafa.

Wata damana, maƙwabcina ya tafi kasuwa bisa keke, sanye da takalmi rufaffe da safa. Ruwa ya tare shi a hanya. Ya wuni da jiƙaƙƙen takalmi, ya dawo gida, washegari ya sake sa shi bai bushe ba. Da ya yi kwanaki yana haka, tsakanin yatsunsa ya yi fari, ya tsage, yana ƙaiƙayi da wari. Wannan shi ake kira cin ruwa. Ya riƙa sosawa har wurin ya zama gyambo. Kwana 10 bai taka gona ba, ga shi lokacin maimai ne. Haki ya rufe masa hatsi.

Mi ya kawo haka?

Fatar da ta daɗe cikin laima takan yi laushi, ta tsage da wuri. Ƙwayoyin cuta kuwa suna son wuri mai laima da ɗumi, kamar cikin jiƙaƙƙen takalmi. Jiƙewar ƙafa sau ɗaya ba ta da laifi. Laifin shi ne a bar ta jiƙe tun safe har dare.

Kafin ka hau keke

1. Duba marufin ƙarfe da ke bisa tayar gaba, mai tare laka. In ya karye, a gyara. Yanki tsohuwar roba kamar faɗin tafin hannu, ka ɗaura ta a ƙasansa da waya. Ita za ta tare ruwan da ke zuwa ƙafa.
2. Sa takalmin roba mai maɗaurin dunduniya. Ba ya shan ruwa, yana bushewa nan da nan. Silifa takan sulluɓe daga feda in ta jiƙe.
3. In kana zuwa biki ko ofis, ƙulle takalmin kirki da safa cikin leda, ka sa su in ka isa.
4. Naɗe ƙafar wando, ka riƙe ɗan tsumma busasshe cikin aljihu.

Wasu sukan sa ƙafa cikin leda kafin su sa takalmi. Dabara ce ta gajerar tafiya. In tafiya ta yi nisa, zufa za ta taru ciki, ƙafa ta jiƙe ko da ruwan sama bai taɓa ta ba. Da ka sauka, cire ledar.

A hanya

Kada ka kutsa cikin ruwa kwance da gudu, ba ka san ramin da ke ƙasa ba. Birki ma ba ya kamawa sosai in ya jiƙe. Kewaya in da hali. Ruwan tabki yana iya ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, kuma ta fata take shiga jiki.

In ka iso gida

Wanke ƙafa da ruwa mai tsabta da sabuni. Share ta sosai, har tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Haka ma bayan alwala. Shanya takalmi a inda iska ke bugawa. In ka ga wurin ya kumbura, ko yana ruwa, ko jiki ya yi zafi, tafi gidan likita tun da wuri. Mai ciwon suga shi kam ya riƙa duba ƙafarsa kullum, don ƙaramin rauni yakan zama masa babba.

Manomi da ƙafarsa yake ci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mi ya hana maƙwabcin malam zuwa gona?
2. Don mi leda ba ta dace da doguwar tafiya ba?
3. Rubuta abu 3 da za ka yi wa ƙafarka in ka iso gida.