Amsar Tambaya: Me Ya Sa Manhaja Ke Kuskuren Sa'a?

Tambaya: Manhajar tsara taro tana nuna lokacin Masar da kuskuren awa ɗaya. Ina matsalar take?

Amsa: Galibi kundin bayanan lokaci ne ya tsufa. Manhajoji suna dogara da kundin tz, wanda hukumar IANA ke kula da shi tun 2011. Gwamnatoci ne ke sauya agogo, wani lokaci ba da isasshiyar sanarwa ba. Masar ta dawo da agogon bazara a 2023. Maroko kuwa ta riƙa mayar da agogonta baya da awa ɗaya a watan Ramadan, don haka ranar sauyin ta riƙa tafiya da kalandar Musulunci. Kowace sabuwar fitowar kundin tana ɗauke da shekara da harafi, kamar 2023c.

Gyaran shi ne a duba wane kwafi manhajar ke karantawa. Java tana zuwa da nata, sabunta na'ura kaɗai ba ya taɓa shi. A Python ana sabunta kunshin tzdata. Taron da ke gaba kuma a adana shi da sa'ar gari da sunan yanki, misali Africa/Cairo, domin tazarar gari da lokacin duniya na UTC tana iya sauyawa kafin ranar ta zo.