Yunwar Ciki da Yunwar Zuciya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyarwa, Mai shayarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo ya shafi wani hali da mutane da yawa ke fama da shi a ɓoye, kunya kuma tana hana su faɗa. Shi ne mutum ya kai hannu ga abinci alhali cikinsa bai nema ba, zuciyarsa ce ke cikin ƙunci. Ɗan kasuwar da bashi ya yi wa katutu yakan yini a rumfa yana tsayar da duk mai tallan da ya gifta, daga ƙosai zuwa fanke zuwa alawa, bai ma san ya ci ba. Matar da mijinta ya tafi ci-rani, wata uku babu saƙo, takan tashi tsakar dare ta buɗe tukunya. Saurayin da ya rasa aikin yi yakan zauna a fada, ana ɗora shayi ana saukewa, sukari yana bin sukari har dare ya raba. Dukkansu ci suke yi, amma babu mai ƙoshi a cikinsu.

Mun sani sarai akwai a sahunmu wanda damuwarsa ita ce samun abin sakawa a bakin salati. Wannan ba shi muke nufi ba, haƙƙinsa a kanmu ciyarwa ce, ba wa'azi ba. Sai dai kada a ɗauka cin damuwa ciwon masu hali ne kaɗai. Sukari da soyayyen abu ba su da tsadar nama, talaka ma yana iya faɗawa.

Abin yana da tushe a halittar jiki. A saman kowace ƙoda Allah Ya ɗora wata ƴar tsoka ƙarama mai fitar da sinadarai cikin jini. Idan tsoro ya zo wa mutum farat ɗaya, takan saki sinadarin da ke ɗauke sha'awar abinci, shi ya sa wanda aka yi wa mummunan albishir yakan ture akushi. Amma idan damuwa ta daɗe, yau da gobe da jibi, sai wani sinadarin mai suna kotizol ya yawaita, shi kuwa buɗe ciki yake yi, yana karkata mutum zuwa ga zaƙi da maiƙo. Rashin barci yana ƙara wa wutar itace, domin wanda bai yi isasshen barci ba sinadarin yunwa yana hauhawa a jininsa, na ƙoshi yana raguwa. Zaƙin yakan kwantar da hankali na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne. Jiki kuwa ba ya mantuwa: gobe in ƙuncin ya dawo, ƙafa za ta bi hanyar da ta bi jiya.

To ta yaya mutum zai bambance yunwar ciki da yunwar zuciya? Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya ba da wata alama a cikin Ihya'u Ulumiddin, a littafin karya sha'awoyi biyu. Ma'anar bayaninsa ita ce, mai yunwar gaskiya yakan ci gurasa tsura da marmari, ba ya jiran mahaɗi. A wajenmu sai mu ce, ya ci gaya. Wannan ma'auni ne mai kyau ƙwarai, kowa yana iya gwada kansa da shi. Idan aka ajiye maka tuwon jiya babu miya ka ji za ka ci, yunwa kake ji. Idan kuwa ranka ya kafe sai lemun kwalba mai sanyi, ko sai tsire, wani abu dabam ba zai yi ba, to ka tsaya ka bincika. Yunwar ciki a hankali take zuwa, ciki ya yi ƙugi, jiki ya yi sanyi, in an ci ta tafi. Yunwar zuciya kan faɗo lokaci guda, sau da yawa bayan cacar baki ko mugun labari ko zaman kaɗaici, ba ta san iyaka ba, kuma nadama take bari a bayanta.

A shekara ta 1995 wasu mata biyu masana abinci a Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka fitar da littafi a kan abin da za mu kira cin abinci bisa sauraron jiki. Sun lura cewa masu ɗora wa kansu dokoki masu tsanani don rage ƙiba galibi sukan karya dokar, su koma cin da ya fi na da. Sai suka kafa ginshiƙai 10, waɗanda jigonsu shi ne mutum ya ci idan ya ji yunwa, ya tsaya idan ya ƙoshi, ya daina ɗaukar abinci abokin gaba, ya kuma nemi wata hanya ta kula da ɓacin ransa. Ba dukkan maganarsu ce ta dace da gidajenmu ba. Mu a kwano ɗaya muke ci, a lokacin da uwargida ta sauke tukunya, kuma muna da azumin farilla da ba ya jiran ra'ayin ciki. Amma asalin abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya raba ciki uku: kaso na abinci, kaso na abin sha, kaso na numfashi. Wa zai iya auna sulusin cikinsa in ba ya sauraron jikinsa? Babu ma'aunin da ake sayarwa a kasuwa don wannan aiki.

A nan ne muke son ƴan'uwa su natsu, domin wasu masu nasiha suna wuce gona da iri, har su mayar da duk wani ci na lallashin zuciya zunubi. Ba haka sunna ta nuna ba. Buhari ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA), idan an yi rasuwa a danginta, mata suka watse, takan sa a dafa talbina, ta ce wa na kusa su sha, domin ta ji Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa tana sanyaya zuciyar mara lafiya, tana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Talbina wani ruwa-ruwan abinci ne na garin sha'ir, akan sa masa madara ko zuma, kusan kununmu ke nan. Haka nan da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su. Ashe abinci yana da gurbi a lokacin baƙin ciki. Amma mu dubi siffarsa: abu ne mai sauƙi, mai ɗumi, wani ne ya dafa ya kawo, a cikin jama'a aka sha. Kuma wani sashe na baƙin cikin aka ce yana ragewa, ba dukkansa ba. Ina wannan, ina wanda ya kulle ɗaki shi kaɗai yana cusa wa cikinsa abin da bai ji ɗanɗanonsa ba?

Kuskure na biyu ya fi na farko yawa. Mutum ya yi cin damuwa da dare, gari ya waye ya tsani kansa, ya rantse yau ba zai karya kumallo ba, ba zai ci na rana ba. La'asar na yi yunwa ta haɗu da ƙunci, sai ya ci ninkin na jiya. A 1944 zuwa 1945, a Jami'ar Minesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da maza 36 da suka ba da kansu. Aka rage musu abinci kusan rabi na tsawon wata 6. Tunaninsu da hirarsu da mafarkinsu duk suka koma kan abinci, kuma da aka sake su, wasunsu suka riƙa ci har ya fi ƙarfin cikinsu. Dattawanmu da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 ba su buƙatar a ba su wannan labari. Jikin da aka hana yakan rama. Shi ya sa azumi na ibada dabam, horon kai da yunwa don huce haushi dabam. Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i yana takura wa kansa, ya ƙi cin abincin da aka kawo masa sai mai gida ya ci tare da shi, ya tunatar da shi cewa ransa yana da haƙƙi a kansa, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Wanda ya wuce iyaka jiya, abin da ya kamace shi yau shi ne ya ci abincinsa a kan lokaci kamar kowa. Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya nuna cewa cika ciki jefi-jefi ba laifi ba ne, ya kafa hujja da Abu Huraira da ya sha nono a gaban Annabi (SAW) har ya rasa wurin zuba wani. Abin gudu shi ne ya zama ɗabi'a.

Idan sha'awar ta taso, kada ka ce da ita a'a nan take, ka ce ta dakata. Ka tambayi kanka yaushe rabonka da abinci. In an daɗe, ka zauna ka yi Bismillah ka ci, a cikin kwano, ba a tsaye ba, ba kana duban waya ba, kana tauna a hankali, domin saƙon ƙoshi yakan ɗauki kimanin minti 20 kafin ya isa ƙwaƙwalwa. In kuwa yanzu ka tashi daga kan akushi, to ka kira abin da ke damunka da sunansa: fushi ne, ko tsoron bashi, ko kewa, ko gajiya. Kowanne da maganinsa. Mai fushi an koya masa ya zauna in yana tsaye, ya yi alwala. Mai gajiya barci yake bukata. Mai bashi ya tafi wurin mai kuɗin su yi magana, kunyar sa'a guda ta fi zullumin wata guda sauƙi. Mai kewa ya taka zuwa gidan ɗan'uwa. Annabi Yaƙubu (AS) bai ɓoye baƙin cikinsa ba, ya kai ƙararsa ga Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 86 a Suratu Yusuf. Idan bayan duk wannan ranka yana son kofin shayin, ka sha, ka ji daɗinsa, ka gode wa Allah. Sai dai ka san lissafi: Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, kuma gwangwanin lemu ɗaya yakan ɗauki wajen giram 35.

Magidanta, wannan magana ta shafe ku. Idan ka ga matarka ko ɗanka ya canza yanayin cinsa, gori ba ya gyara komai, sai dai ya koya masa ci a ɓoye. Ka tambaye shi abin da ke ransa. Kuma mu daina toshe bakin yaro da alawa duk lokacin da ya yi kuka, domin tun daga nan yake koyon cewa maganin hawaye zaƙi ne.

Akwai waɗanda wannan darasi bai ishe su ba. Mai ciwon sukari, musamman mai shan magani ko mai yin allura, kada ya jinkirta cin abinci da sunan jiran yunwa, ya bi tsarin da likitansa ya ba shi. Haka mai juna biyu da mai shayarwa. Wanda kuma yake ci har ya kasa tsayar da kansa sau da yawa a mako, ko yake sa yatsa ya yi amai bayan ya ci, ko baƙin ciki ya zauna masa mako biyu ko fiye har barci da ci suka rikice, wannan ciwo ne da ake magani. Ya je asibiti, wani daga cikin danginsa ya raka shi. Wallahu a'alam.