Yadda Ake Amfani da Na'urorin Aune Wajen Kula da Magudanan Ruwa a Agadas

Mafi yawan ruwan da ke yi wa Agadas ɓarna a duwatsun Abzin yake sauka, ya taru a ƙoramar Telwa, ya gangaro ta Dabaga da Azel kafin ya iso gari. Ruwan shekara a nan bai cika kai milimita 200 ba, amma cikin 'yan kwanaki yake zuba tsakanin Yuli da Satumba, dutse kuwa ba ya shan ruwa. A farkon Satumban 2009 Telwa ta fasa madatsar da ke kare garin, dubban gidaje suka rushe. Saboda haka a gari irin wannan, mai ginin ƙasa da buɗaɗɗun magudanai, daga tudu ake fara aune.

Da farko ana zana taswirar hanyoyin ruwa: inda ƙorama ke shiga gari, inda magudanai ke haɗuwa, gadojin da ke toshewa, da unguwannin da ke cikin kwari. Wannan taswira ce ke nuna inda za a kafa na'ura.

Sai a kafa na'urori iri biyu. Ta farko ma'aunin ruwan sama ce, mai ɗan cokali a ciki wanda ke kifewa duk lokacin da ya cika, kowace kifewa ta zama lissafi, galibi milimita 0.2. Ana sa ta a kan tudu da cikin gari. Ta biyu ana liƙa ta a ƙarƙashin gada ko a kan babban magudani. Tana aika sauti ko igiyar rada zuwa fuskar ruwa, ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, ta haka a san tsayin ruwan. An fi son wadda ba ta taɓa ruwa, domin yashi da duwatsun da ƙorama ke kwasowa suna lalata wadda aka nutsar. Kowace na'ura tana da faifan sola da batir da layin waya, tana tura alƙaluma bayan 'yan mintoci.

Mataki na uku shi ne sa iyaka. Ana duba ambaliyar da aka yi a baya, a yanke tsayin da ke nufin lafiya lau, da na a yi hattara, da na a tashi. A kogin Sirba, cikin jihar Tilaberi, tsarin gargaɗi na SLAPIS yana aiki da launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo da ja, bisa awon tashoshin Bossey Bangou da Garbey Kourou. Launi ya fi lamba saurin shiga kan jama'a.

Na huɗu karanta alƙaluma. In ma'aunin Dabaga ya nuna ruwa mai ƙarfi, Telwa kuma ta fara hawa a Azel, to ruwan yana hanya ko da sararin Agadas garau yake. In kuwa ruwa ya taru a gaban gada amma bayanta ƙasa yake, gadar ta toshe da leda ko yashi, sai a tura masu shebur nan take.

Na biyar isar da saƙo. Ma'aikatar magajin gari da 'yan kwana-kwana su ne farkon samun labari, daga nan ya wuce ga gidajen rediyo, masu unguwanni da lasifikan masallatai, da Hausa da Tamashek. Tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, yana buƙatar gargaɗi da wuri, domin katangar ƙasa daga gindi take jiƙa.

Bayan kowane ruwa ana goge ƙurar faifan sola, a gwada awon na'ura da sandar awo, a gyara iyakokin in sun saɓa da abin da aka gani. Kafin damina kuma ana yashe magudanai, domin na'ura tana nuna inda ruwa ya tsaya ne kawai, buɗe masa hanya aikin hannu ne.