Darasi: Motar Mawaƙi a Lokacin Hunturu da Shirin Ajiye Sana'a

Darasinmu na wannan wata ya shafi makaɗa da mawaƙa. Amma duk mai mota da duk mai sana'ar hannu zai ƙaru da shi.

Da an gama kaka sai bukukuwa su tashi: aure, suna, dambe da kokawa. A lokacin ne mawaƙi ya fi yawo, shi da 'yan amshinsa da kayan kiɗa a cikin bas. A lokacin ne kuma hunturu yake bugawa, daga wajen watan Nuwamba zuwa Fabrairu. Sanyi da ƙura suna wahalar da mota, kamar yadda suke wahalar da murya.

Kula da mota

1. Batir. Sanyi yana rage masa ƙarfi, shi ya sa mota take ƙin tashi da asuba. A goge farin garin da yake taruwa a kan batir, a ɗaure wayoyinsa tamau.

2. Filtar iska. Ita ce hancin mota. Idan ƙura ta toshe ta, mota za ta sha mai da yawa, ta rasa ƙarfi. A riƙa duba ta kowane mako.

3. Baƙin mai. A duba shi da safe kafin a ta da inji. Mai hawa hanyar ƙura kada ya jinkirta juye. A rubuta ranar da aka yi juye a littafi.

4. Ruwan lagireto. Ko ana sanyi inji yana zafi. Amma kada a buɗe murfin sai inji ya huce, don ruwan yana ƙona mutum.

5. Gilashi da fitila. A zuba ruwa kafin a goge ƙura, don kada gilashi ya karce. Idan hazo ya rufe hanya, a kunna fitila, a rage gudu.

6. Taya. Iskarta tana raguwa da sanyi. A auna kafin tafiya, har da safaya.

Gargaɗi: kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen ɗaki. Hayaƙinsa yana kisa.

Shirin hutawa

Mota tana da makanike, amma tsufa ba shi da magani. Ma'aikacin gwamnati yana da fansho. Mawaƙi kuwa, ranar da murya ta tsaya, ranar kyauta take tsayawa. Saboda haka ba a barin kiɗa rana ɗaya. Sannu a hankali ake janye jiki.

Da farko, a rage tafiyar dare da tafiya mai nisa. A zaɓi bukukuwan kusa da gida.

Na biyu, a horar da magaji tun da sauran ƙarfi. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya sa 'ya'yansa a cikin ƙungiyarsa. Da ya rasu a 1991, kiɗan gidan bai mutu ba, sun ci gaba da shi.

Na uku, a faɗa wa 'yan amshi da direba gaskiya da wuri. Su ma suna da iyali. Kada su wayi gari su ji an daina.

Na huɗu, a raba abin da aka samu a wannan kaka gida uku: na ci, na gyaran mota, na ajiya. A sa na ajiya a gona ko kiwo. A 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shirin fansho na masu sana'ar kansu. Mai so ya nemi bayani a kamfanin fansho mai rajista.

Ina makomar motar?

A nan ne kashi biyu na darasin suka haɗu. Motar da aka kula da ita dukiya ce. Ana iya sayar da ita da daraja a sayi shanu. Ana iya sa ta haya zuwa kasuwannin ƙauye, ta ciyar da gida. Idan za a ba direba, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, takardun mota su zauna da sunan mai ita. Amma kada a kafe ta a ƙofar gida don tunawa da da. Batir zai mutu, taya ta tsage, kaji su yi ƙwai a ciki. Idan dole ta zauna, a ta da ita a zaga da ita sau ɗaya a mako.

Hausawa sun ce, da rarrafe yaro kan tashi. To, da sannu kuma babba yake zama.

Tambayoyi

1. Me ya sa mota take ƙin tashi da sanyin asuba?
2. Yaushe ake buɗe murfin lagireto?
3. Gida nawa za a raba abin da aka samu? Lissafa su.
4. Rubuta abu biyu da mawaƙi zai iya yi da motarsa idan ya huta.