Rawuta Biyu a Gida Ɗaya: Wa Zai Riƙe Ragama?

Wani mai karatu daga Gusau ya rubuto da damuwarsa. Gidansu gidan gandu ne mai sassa huɗu, sun haɗa kuɗi sun sayi Starlink, aka kafa farantin a kan rufin sashen yayansa. Wi-Fi ba ya kaiwa sashensa da ke can ƙuryar gida, don haka ya sayo wani rawuta, ya jawo waya ya jona. "Wayata tana nuna ta kama," in ji shi, "amma yau intanet ya zo, gobe babu. Shin rawutan ne jabu?"

Malam, da wuya a ce jabu ne. Tun da Starlink ya shigo Najeriya a Janairun 2023 nake samun irin wannan tambaya, kuma kusan kullum tushen matsalar ɗaya ne: an ajiye na'urori biyu a gida, kowace tana ganin ita ce mai gida.

Ga yadda abin yake. Faranti shi ke magana da tauraro. Aikin rawuta kuwa shi ne ya karɓi intanet ɗin ya raba wa kowace waya da kwamfuta lambar adireshi, ya riƙa tura wa kowa saƙonsa. Akwatin da Starlink ke zuwa da shi rawuta ne cikakke, wanda ka sayo ma haka. Idan duka biyun suna rabon adireshi a layi ɗaya, wayarka takan karɓi lamba daga wanda ya riga amsawa. In ta dace da na Starlink, intanet ya zo. In naka ya riga, sai ya ce duk saƙo ya bi ta wurinsa, alhali shi ba shi da hanyar fita. Wannan shi ne "yau da gobe" ɗin da kake gani.

Saboda haka fara da juya rawutanka ka dubi bayansa. Za ka ga ramuka huɗu ko biyar. Ɗaya launinsa daban, an rubuta masa WAN ko Internet, sauran kuma LAN. Ina kyautata zaton wayar da ka jawo tana cikin LAN. Cire ta ka mayar WAN, sannan ka shiga saitin rawutan ka tabbata nau'in haɗin yana kan Dynamic IP. Kada ka zaɓi PPPoE, wannan na masu layin da ke neman suna da kalmar sirri ne.

Idan ka yi haka har yanzu shiru, to adireshin na'urorin ne ya yi karo. Rawutan Starlink yana zaune a 192.168.1.1, kuma rawutoci da yawa na kasuwa da wannan lambar suke fitowa. Wasu sukan gane su sauya da kansu, wasu ba sa ganewa. Cire wayar tukuna, shiga saitin LAN na naka, ka mayar da lambarsa 192.168.5.1, ka adana, ka sake jonawa. Guji 192.168.100.1 kawai, don lambar farantin kansa ce.

Wannan zai ba ka intanet, amma ba shi ne gyaran da na fi so ba, domin saƙonka zai riƙa bi ta ƙofa biyu kafin ya fita. Kallon bidiyo da WhatsApp ba za su damu ba. Kyamarar tsaro, firinta da wasannin intanet su ne ke yin gardama. Abin da nake ba ka shawara shi ne ka nemi wurin da aka rubuta Access Point a saitin rawutanka ka kunna. Da zarar ka yi, ya daina rabon adireshi, ya zama ɗan aike mai watsa Wi-Fi a sashenka, ragama ta koma hannun na Starlink shi kaɗai. In tsohon rawuta ne da ba shi da wannan zaɓi, kashe DHCP ɗinsa, wato mai rabon adireshin, da hannu, ka ba shi lamba irin 192.168.1.2, kuma a wannan yanayi kaɗai ne waya ke shiga LAN.

Masu haɗa kaya za su ce maka ka kunna Bypass a manhajar Starlink. Kada ka yi, a irin gidanku. Bypass kashe Wi-Fi ɗin Starlink yake yi gaba ɗaya ya miƙa komai ga sabon rawuta, wato kai ka samu, sashen yayanka ya yi duhu, kuma ba a dawowa sai an mayar da akwatin yadda ya fito daga kamfani. Yana da amfani ga wanda ya sayi babban rawuta don ya maye gurbin na Starlink ɗin, ba ga mai son ƙara wa gida faɗi ba.

Sai batun waya, inda mutane ke tsimin da ke cin su daga baya. Nemi Cat6 ko Cat5e, tsawonta kada ya haura mita 100. Akwai mai araha wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin sili ɗaya da wuƙa, in ka ga fari, ajiye ta. Tunda za ta ratsa tsakar gida, zura ta cikin bututun roba a binne. Kada a rataya ta daga rufi zuwa rufi kamar igiyar shanya: rana za ta gasa ta, kuma tsawar damina ta irin wannan waya take bi ta ƙone na'ura. Masu akwatin Starlink zubi na biyu su sani ba shi da ramin waya ko ɗaya, sai an sayi ƙaramin adafta daban. Zubi na uku yana da ramuka biyu a baya, ƙarƙashin murfin roba.

Ga masu tsohon intanet na tauraro, wato VSAT, a ofis ko asibiti, ƙarin abu ɗaya: wasu modem ɗin sukan riƙe na'urar farko da suka gani. Kashe komai, jira minti biyu, kunna modem har fitilunsa su tsaya, sannan rawuta. Jinkirin da ake ji a kiran bidiyo kuwa babu rawutan da zai magance shi, tunda tauraron yana nisan kilomita 35,786, saƙo kuma sai ya kai fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo. Na Starlink suna kusan kilomita 550 ne kawai.

In ka gama, ɗora rawutan a sama, a falo ko baranda, ba bayan firji ba. Siginar Wi-Fi ta 2.4 ta fi ratsa bangon bulo, ta 5 ta fi sauri in kana kusa. Ka kuma sauya kalmar sirrin shiga saitin daga "admin", domin a gidan gandu ba a rasa yaron da zai gano ta kafin la'asar.